Harshen Tsohuwar Kwamfuta da Takardun Kawuna

A darasin kwamfuta an koya mana cewa akwai wadda ake kira minikwamfuta. Sunan na nufin ƙarama, amma wasu sun kai girman firij biyu. Ɗaya daga cikinsu ita ce VAX, wadda kamfanin DEC na Amurka ya fitar a 1977. Ba a taɓa hoto a jikinta kamar waya. Sai dai ka rubuta mata umarni da harshenta, wato DCL.

Marigayi kawuna ya yi aiki da irinta a wani ofis a Kano. Ya bar akwati cike da dogayen takardu masu huji-huji a gefe. Gara ta fara cin su, har Inna ta ce gara a bai wa mai ƙosai ta riƙa ƙunshi da su. Na roƙe ta ta ba ni mako biyu.

Kusan kowane layi a takardun da alamar $ yake farawa. Na ɗauka lissafin kuɗi ne. Malaminmu na kwamfuta ya duba ya ce a'a, umarni ne, amma shi BASIC ya karanta, don haka sai mun samo littafin harshen. Babu shi a laburarenmu. Yayana ya tambaya a shagunan littattafai na Birnin Kudu, ba wanda ya taɓa jin sunansa. Kamfanin ma babu shi yanzu, tun 1998 Compaq ta saye shi.

Ranar Alhamis Malam ya sa data a wayarsa muka yi ta nema. A ƙarshe muka ga littafin, DCL Dictionary, wanda wasu mutane suka ɗauki hoton shafukansa ɗaya bayan ɗaya suka ajiye kyauta. A nan na gane cewa $ na nuna farkon umarni. COPY na kwafe fayil, PRINT na aika shi wurin bugawa. Abin da ya biyo bayan alamar ! kuwa kwamfuta ba ta kula shi, bayani ne don mutum. A irin wannan wuri Kawu ya rubuta da Hausa cewa kada a goge fayil ɗin, na albashin masinjoji ne. Da na karanta wa Inna sai ta yi shiru, daga baya ta kawo leda ta zuba takardun.

Ku tuna da zanen shanu da ke Dutsen Habude a Birnin Kudu. Zanen yana nan, amma waɗanda suka yi shi ba su bar mana bayani a rubuce ba. Harshen DCL kuwa wasu sun adana littafinsa.

'Yan'uwana ɗalibai, kafin a yi ƙunshin ƙosai da tsohuwar takarda a gidanku, ku kawo ta ƙungiyar 'yan jarida mu duba tare. Malamai kuma muna roƙon a ware kanta ɗaya a laburare don irin waɗannan takardu.

Daga wata ɗalibar JSS 2, Sundimina