Leventis na Kaduna, Inda Ba a Taya Kaya

Duk mutumin Kaduna ya san shataletalen Leventis a kan titin Ahmadu Bello, amma yaran yanzu kwatance kawai suke yi da shi. Mu kanti muka sani.

Anastasios Leventis, mutumin tsibirin Saifurus, a Gana ya kafa kamfaninsa a ƙarshen shekarun 1930, kafin ya tsallako Najeriya. Iyalin gidan ne suka kafa kamfanin da ke ɗura Coca-Cola a ƙasar nan a 1951. Babbar kishiyarsu a harkar kanti Kingsway ce ta kamfanin UAC, wadda ta buɗe a Legas a 1948.

Ginin kantin Leventis na Kaduna kansa shi ya fi zauna mini a rai. Gidan Bahaushe ɓoye cikinsa yake yi, sai ka bi zaure da soro kafin ka ga tsakar gida. Wannan kuwa gabansa gilashi ne, kana tafe a titi kana ƙare wa rediyo da keken ɗinki kallo, ba wanda zai ce me ya kawo ka. Ciki fili ne fetal, ginshiƙan kankare ke ɗauke da rufi, shi ya sa ba bangon da ya tare ido tsakanin sashen yadi da na kwanuka. Ga sanyin na'ura da ke dukan fuska tun daga ƙofa, ga daɓe mai santsi da muke zamiya a kai in Baba ya juya baya.

Kuma ba a ciniki. Kuɗin na manne a jikin kaya, ba taya, ba "albarka", ka biya a ba ka rasit. Innarmu ba ta taɓa yarda da wannan ba. A ganinta, sayen da ba a ja ba zalunci ne, gara ta gangara babbar kasuwa inda za a yi mata ragi har da gyara. Ina ga da gaskiyarta, domin wurin na masu albashi ne. Da aka biya kuɗin ƙarin albashi na Udoji a 1975, akawu da malamin makaranta suka yi ta fitowa da fanka da firji.

Faɗuwar farashin man fetur a farkon shekarun 1980 ta sa shigo da kaya ya koma sai da lasisi, kantoci suka fara zama wayam. Shirin gyaran tattalin arziki na SAP da Babangida ya kawo a 1986 ya karya naira, albashi ya daina kai mutum bakin wannan ƙofa. Masu saye suka koma wajen 'yan gwanjo da masu kawo kaya ta Kwatano.