Kafin Sauro Ya Yi Fiffike

A daminar bara 'yar autata ta kwana huɗu a asibiti saboda zazzaɓin cizon sauro. Ranar da aka sallame mu na ɗauki moɗa na nufi kududdufin da ke bayan gidanmu. Ɗiba ɗaya na yi, sai ga tsutsotsi kwance a saman ruwa, irin kwanciyar da ake gane 'ya'yan sauron maleriya da ita. Kunya ta kama ni, domin wannan darasin nake koyarwa a jami'a.

Mun saba yaƙar sauro da dare, bayan ya yi fiffike. Alhali kafin nan yakan shafe mako guda ko fiye cikin ruwa, ba shi da wurin gudu.

A shekarar 1976 aka gano wata ƙwayar bakteriya a hamadar Negeb, wadda masana ke kira Bti. Idan tsutsar sauro ta haɗiye ta, dafinta yakan narke a cikin hanji ya huda shi, tsutsar ta mutu. Kifi da kwaɗo da akuyar da ta sha ruwan kuwa, ba abin da zai same su. Da ita aka taimaka wajen yaƙar baƙin ƙudan da ke makantar da mazauna bakin kogi a Afirka ta Yamma.

Darbejiya ma tana da nata rabon. Ɗalibaina sun sha daka 'ya'yanta su zuba ruwan a kwalaben gwaji, tsutsa ta kasa girma. Sai dai kwalba daban, kududdufi daban: rana tana saurin karya ƙarfin sinadarin, kundayen binciken kuma suna can a kan kanta suna shan ƙura. Har da waɗanda ni na sa wa hannu.

Ita ma Bti sai ana maimaita zuba ta kusan duk mako. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauke ta a matsayin ƙari a kan gidan sauro, inda matattarar ruwa ba ta da yawa kuma an san wurinta. Da damina ko sawun kofato matattara ne. Da rani kuwa, ruwan da ya rage a unguwa ana iya ƙirga shi da yatsu.

Na kai wa mai unguwarmu wannan magana. Ya amince ɗalibaina su zo ƙirgar kududdufai a watan Maris, ya kuma tambaye ni wanda zai sayi maganin.