Keffi: Yaji da Miya, Na Ciniki Ne ko Na Gyara?

Wanda ya baro Abuja ya yi gabas, in Allah ya fid da shi daga cunkoson Nyanya da Mararaba da Masaka, sai hanya ta sake masa, bayan kimanin kilomita 50 ya riski Keffi. Ga idon baƙo, garin kashi biyu ne. Akwai cikin gari, wajen fadar Sarki Shehu Chindo Yamusa na III da tsofaffin unguwanni irin su Tudun Ƙofa da Gangaren Tudu, inda har yanzu tuwon dare a gida ake tuƙa shi. Akwai kuma Keffin bakin titi, wadda ba ta cika ɗora tukunya ba, sai dai ta saya a ƙulle mata a leda. A wannan ta biyun ake ta ƙorafi a kan abin da a da ba ya ko shiga lissafi: kuɗin yaji, kuɗin ƙarin miya, kuɗin roba.

Sayar wa baƙo abinci tsohuwar sana'a ce a nan. Tun bayan da Abdu Zanga ya kafa garin a farkon ƙarni na 19, Keffi zango ce ta fatake masu saukowa daga Kano da Zariya su nufi Loko a bakin Binuwai. Ta wannan hanyar ta arewa Magaji Ɗan Yamusa ya bi zuwa Kano a 1902, bayan ya kashe Baturen mulki Kyaftin Moloney, wanda har yau ake kiran dutsen da ke kallon gari da sunansa. Fatake da jakunansu sun tafi, wasu baƙin sun maye gurbinsu: ɗaliban Jami'ar Jihar Nasarawa da dokar jiha ta kafa a 2001 zamanin Gwamna Abdullahi Adamu, masu jinya a asibitin tarayya, direbobin manyan motoci masu wucewa Akwanga da Lafiya da Makurdi, da ma'aikatan da tsadar haya ta koro daga Abuja. Mafi yawansu ba su da murhu a kusa. Abin da mai abinci ya zuba musu, shi ne rabonsu na ranar.

Bayan sallar isha'i na tsaya wajen wani mai tsire a bakin babban titi. Tukubarsa ta yi jajir, tsinkaye sun kewaye wuta, yana juya su ɗaya bayan ɗaya yana yayyafa man gyaɗa daga wata gora mai hudajjen murfi. In aka saya, sai ya zare naman a kan katako, ya yayyanka, ya yanko albasa da tumatir da ɗan kabeji, ya ɗebo yaji da gefen wuƙa ya barbaɗa, ya naɗe a takarda. Wani saurayi da ke gabana ya ce, "Malam, ƙara yaji." Ya ƙara, bai ce uffan ba. Saurayin ya ce, "To a ƙulla mini wani a leda in tafi da shi." Mai tsire ya ce, "Wannan kuma na sayarwa ne, ɗan'uwa, naira 200." Saurayin ya ɓata rai: "Yanzu yaji ma sai an saya?" Mai tsire ya amsa ba tare da ya ɗaga murya ba: "Na kan namanka, ko sau uku ka ce in ƙara zan ƙara. Na leda kuwa, gobe taliyarka za ka ci da shi."

Ban ga laifin mai tsiren nan ba ko kaɗan. Yajin tsire aiki ne. Ƙuli-ƙuli ake dakawa, a haɗa da barkono da citta da kanumfari da masoro da gishiri da magi, a tankaɗe, kuma galibi wata mace ce a cikin gida take shan atishawar dakan. Kowane ɗaya daga cikin kayan nan da kuɗi aka sayo shi. Mutumin ya ba da abin da tsire yake bukata don ya amsa sunansa tsire, ya kuma faɗi farashin ƙarin tun kafin ya ƙulla. Saurayin yana da zaɓi, ya saya ko ya bari. Ya bari, ya ɗauki namansa ya tafi, ba wanda aka zalunta.

Abin da na gani washegari da rana a Angwan Lambu, unguwar da ɗalibai suka cika, shi ne ya tsaya mini a rai. Shagon abinci ne mai tsabta, da manyan kuloli a jere bayan gilashi: shinkafa fara, dafa-duka, wake, taliya, soyayyar ayaba. Ana sayar da shinkafa ne da cokali, kowane cokali da kuɗinsa. Wata ɗaliba ta ce a zuba mata cokali 2 da miya. Yarinyar shagon ta zuba a robar tekawe, tana tambaya da sauri, "A sa salak? A sa bama? A ƙara miya?" Ɗalibar tana gyaɗa kai. Sai da aka rufe roba, aka sa cokali, aka ƙulle leda, sannan aka faɗi jimilla, kuma jimillar ta wuce abin da ke hannunta. Salak da kuɗinsa, bama da kuɗinta, miyar da aka ƙara da kuɗinta, roba da kuɗinta. Ta tsaya tana sake ƙirga 'yan takardun da ta dunƙule, layi na bayanta yana kallo. A ƙarshe aka kwance leda, aka buɗe roba, aka kwashe salak ɗin da cokali a gabanta.

Ba a ƙwace mata ko sisi ba, amma an ci mata fuska, kuma a kan abin da kalma ɗaya za ta hana. Wanda ya san halin da ɗaliban nan ke ciki ba zai raina naira 100 ba. A watan Maris na 2024, a wannan jami'ar, ɗalibai mata biyu suka rasu a turmutsitsin rabon shinkafar tallafi. Yaron da iyayensa suka aiko masa da kuɗin wata daga Doma ko Toto, ya raba su kwana-kwana, ya san daidai abin da zai iya ci yau. In ka tambaye shi "a sa?" ba ka ce "nawa ne" ba, ka jefa shi cinikin biri a sama.

Sai dai kuma adalci ne a saurari masu tukunya. Na zauna a bencin wata dattijuwa mai sayar da shinkafa da wake a rumfa, na ce, "Mama, me ya sa yanzu ake ƙirga miya?" Ta ajiye ludayi ta ce, "Ɗana, shinkafa ba ta ba ni tsoro. Miya ce take cinye uwar kuɗi. Wani zai sayi cokali ɗaya, ya ce in cika masa roba da miya, ya je ɗaki ya dafa tasa shinkafar ya ci kwana biyu. In na yi wa mutum goma haka, da me zan koma kasuwa?"

Maganarta tana da tushe. Jihar Nasarawa tana noma doya da riɗi da shinkafa, amma kayan miya da yawa daga arewa ake lodo su: albasa daga wuraren Aliero da Sakkwato, tumatir ɗin rani daga fadamun Kura da Kadawa a Kano. Duk kwandon da ya iso Keffi ya sha kuɗin mota. Kafin 29 ga Mayu, 2023, ranar da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, litar fetur a farashin hukuma ba ta kai naira 200 ba. Kafin 2024 ta ƙare ta haura 1,000. A watan Yunin 2024 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce hauhawar farashin abinci ta wuce kashi 40 cikin 100, kuma a daidai wannan lokacin tumatir da attaruhu suka yi tsadar da har gidajen masu hali suka koma miyar busasshen tumatir. Darajar naira ta faɗi daga ƙasa da 500 a kan dala zuwa sama da 1,500 a 2024, roba da leda da man girki duk suka bi sahu. Mai abincin da take zuba miya ba awo a irin wannan yanayi, ba za ta kai ƙarshen zangon karatu da jarinta ba.

A nan ne nake ganin mutane suke cakuɗa abu biyu. Mu Hausawa mun tashi da al'adar gyara. Ka sayi gero a ɗora maka tafi guda a kan mudu, ka sayi ƙosai a jefa maka ɗaya, ka sayi fura a ƙara maka nono. Wannan alheri ne na mai sayarwa, don ya riƙe mai saye, don kuma a sa wa ciniki albarka. Ba bashi ba ne. Mai sayen da ya tsaya yana faɗa don an hana shi gyara, ya manta cewa kyauta ba a ƙwatarta. Amma miyar taushen da ake zuba wa waina, da mai da yajin da ake sa wa ɗanwake ko garau-garau, da albasar tsire, waɗannan ba su cikin gyara. Jikin abincin ne. Wanda ya cire su daga farashi don allonsa ya nuna araha, sannan ya dawo ya caje su daban, daidai yake da telan da ya ɗinka maka riga ya ce maɓallai kuɗinsu daban. In shinkafa da miyarta ta kai naira kaza, a faɗi kazan gaba ɗaya. Abin da ya wuce wannan, ƙwai ne ko bama ko ludayi na biyu, mai shi yana da haƙƙin sa masa kuɗi, muddin ya faɗa tun hannu bai kai ga tukunya ba.

Wannan ba ra'ayina ni kaɗai ba ne. Malaman fiƙihu sun sharɗanta cewa a san kaya a san farashi kafin ciniki ya ƙullu. Dokar kare masu saye ta Najeriya ta 2018 ta wajabta bayyana farashi, kuma a watan Fabrairun 2024 hukumar kare masu saye ta FCCPC ta rufe wani babban kanti a Garki, Abuja, saboda farashin da ke jikin kaya ya saɓa da wanda ake karɓa wajen biya. A Faransa ma a 1967 an yi dokar da ta ce farashin abinci ga wanda ya zauna ya ci a gidan abinci ya haɗa da burodi da ruwa da kayan ɗanɗano. Ba na fatan a turo jami'ai su dami matan rumfa a Keffi, don abin da suke fama da shi ya ishe su. Kwali ɗaya da alƙalami sun wadatar. Mai shayin da ke kusa da masaukina ya yi hakan: ya rubuta kuɗin indomi, kuɗin ƙwai, kuɗin bama cokali ɗaya, ya liƙa a jikin teburinsa tsakanin gwangwanayen madara. Na daɗe a bencinsa ban ji an yi musu da kowa ba.

Akwai kuma wata hanya da wasu masu abinci a ko'ina suke bi don kada a ce sun yi ƙari, wadda ni ta fi damuna. Farashi yana nan yadda yake, amma miya ta sha ruwa, manja ya rufe rashin tumatir, yaji ya zama gishiri da kala, man suya ya kwana uku a kasko. Mai saye yana murna ba a caje shi ba, alhali ya biya da cikinsa. Ga mai jinyar da ya fito daga asibitin tarayya yana neman abin da marar lafiyarsa zai iya haɗiya, wannan ba ƙaramar cuta ba ce. Gara a ce mini ludayi na biyu naira kaza ne, miyar kuma ta zama miya.

Batun roba kuwa daban ne, kuma a kansa ina bayan masu shago. Sayo ta suke yi, wanda ya zauna ya ci a faranti bai kamata ya biya wa wanda ya tafi da tasa ba. Duk wanda ya leƙa magudanan ruwan da ke gangarawa rafin Antau zai ga inda robobin nan da ledoji suke ƙarewa, kuma Jihar Legas saboda irin wannan toshewar ta haramta farar robar nan mai kumfa a watan Janairun 2024. Kuɗin roba ya riga ya fara canza hali a Angwan Lambu, don na ga ɗalibai suna shigowa shago da kulolinsu a hannu. Saura masu shago su cika nasu ɓangaren: wanda ya zo da kularsa a cire masa kuɗin roba cif, kada a maida shi cikin kuɗin shinkafa a ce farashi ɗaya ne.