Yadda Na Sayi Gilashin Kyamara Na Hannu

Da malaminmu ya amince da batun kundin digirina, wato kalmomin cinikin goro a bakin Hausawan Agege, sai ya ce lallai in haɗa da hotuna. Ina da tsohuwar kyamarar Canon da yayana ya bar mini, amma gilashinta ya fashe. Kuɗin sabo kuwa babu, don haka na nufi kasuwar kayan kwamfuta ta Ikeja neman na hannu.

Wanda nake nema shi ne 18-55mm mai alamar IS, wanda Canon ya fara fitarwa a 2007. Irinsa ake haɗa wa kyamarar 'yan koyo, shi ya sa masu sana'ar hoto suke raina shi. Ni dai wannan IS ce ta ja ni. Wata 'yar na'ura ce a ciki mai jin rawar hannu, sai ta motsa ɗaya daga cikin gilasan don hoton ya tsaya. Rumfunan goro ba su da haske sosai, domin goro ba ya son rana, kuma a duhu ƙaramin motsi yana ɓata hoto. Ga shi ni ba Bahaushe ba ne, hannuna har rawa yake idan zan yi Hausa a gaban dattawa.

Na farkon da aka miƙo mini, na haska shi da fitilar wayata, sai na ga zare-zare kamar saƙar gizo-gizo. Fumfuna ce, aikin laimar Legas, ko da yake mai shagon ya rantse ƙura ce. Na biyun tas yake. Na ɗaura shi, na ɗan taɓa maɓallin, na kara kunne na ji ƙaramin amo, hoton kuma ya natsu. Na biya da kuɗin abincina na wata guda.

A Agege hotunan huhun goro da ganyen da ake naɗe shi sun fito sarai. Sai na juya ga dattijon da ya karɓe ni, na ce, "Baba, goro nawa ne a kwarya?" Ya tuntsire da dariya. "Ƙwarya, yaro, ƙwarya! Ɗari ne." Daidai lokacin na danna. Rumfar ta fito tsaf, fuskarsa kuwa ta yi dishi-dishi, domin na'urar hannuna kawai take riƙewa, ba ruwanta da motsin wanda ake ɗauka. Malam ya ce in cire hoton daga kundin. Na cire, amma yana manne a bangon ɗakina.