Daga Bande zuwa Dungas: abin da ruwa ya ci, da abin da ya bari

Ƙasar Magariya da Dungas ba ƙasar duwatsu ba ce kamar Abzin, inda ruwa ke gangarowa daga kan dutse da ƙugi, ya share unguwa cikin dare ɗaya, kamar yadda ya yi wa Agadas a farkon Satumba na 2009. Nan ƙasar rairayi ce, jigawa da fadama, tudu ya bi kwari, kwari ya bi tudu. Ruwanta ba ya zuwa da hayaniya. Yakan sauka daga sama, ya kwanta cikin kwari, sannan ya taso daga ƙarƙashin ƙasa, ya jiƙa gindin bango a hankali, har wata safiya maigida ya tarar soro ya durƙusa. Haka aka yi a daminar 2024, wadda mutanen Nijar za su daɗe ba su manta da ita ba.

Hukuma ta ba da lissafin ƙasa baki ɗaya: kusan mutum 400 suka rasa rayukansu, fiye da miliyan ɗaya da rabi kuma ɓarnar ta shafa. Komawa makarantun boko, da aka sa ranar 2 ga Oktoba, sai da aka ɗaga ta zuwa 28 ga wata, domin azuzuwa da yawa sun faɗi, waɗansu kuma marasa matsuguni na kwana cikinsu. A birnin Damagaram, ranar 3 ga Satumba, tsohon masallacin unguwar Birni, ginin ƙasa na tsakiyar ƙarni na 19, ya rushe a gaban idon jama'a. Wannan duk an ji shi a rediyo. Abin da ba a cika ji ba shi ne yadda ƙauye ke tashi bayan ruwa ya janye, kuma shi ne muka bi hanyar kudu domin mu gani.

Korama mai ba da rake, mai karɓar gida

Daga Damagaram zuwa Magariya tafiyar kusan kilomita 100 ce bisa kwalta, ta Dogo da Bande. A Bande ne matafiyi ke gamuwa da Korama, wannan dogon kwari da ya taso daga wajen Matamaye ya nufi gabas. A yawancin shekara ba kogi ba ne mai gudu: jerin fadamu ne da tafkuna, inda ruwa ke kusa ƙwarai, har mai lambu ya haƙa rijiya da hannunsa ya same shi. Shi ya sa raken wannan yanki ya yi suna, ga rogo, ga dankali, ga albasa da kabeji, ga mangwaro da gwaba. Manyan motocin da ke lodin rake a bakin hanya shaida ne.

To, amma abin da ke ciyar da kai shi ne kan iya cinye ka. In damina ta wuce kima, ruwan ƙarƙashin ƙasa yakan hau, tafki ya haɗe da tafki, lambu ya zama kududdufi har cikin rani. Inda ruwan ya daɗe ya ƙafe, sai kanwa ta fito fara fat bisa ƙasa, shuka ta ƙi. Inda bai ƙafe ba, kacalla ta mamaye bakin tafki, ta hana masunci jefa taru, ta zama maɓoyar tsuntsaye masu cin gero. Tafkin Lasuri, wanda aka sa tun 2005 cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar, yana cikin jihar Damagaram. Amma suna a takarda ba ya cire kacalla, sai hannun mutane.

Akwai kuma maganar yawan jama'a. Ƙidayar 2012 ta ba gundumar Magariya mutum fiye da dubu 570, ta ba Dungas, wadda aka cire daga jikinta a 2011, fiye da dubu 350. Tun daga nan an ƙaru ƙwarai. Da gari ya cika, sai ya malala zuwa inda kakanni suka ƙi zama. Dattijan da ba su san taswira ba sun san inda ruwa ya taɓa kwanciya, suka bar wa rake da kwaɗi wurin. Shekarun fari suka zo, kwari ya bushe, aka ce ai fili ne, aka yanka, aka sayar, aka gina. Ruwa kuwa ba ya manta hanyarsa, ko bayan shekara arba'in.

Gawo, dukiyar da ta tsira

Da mutum ya bar kwari ya hau jigawa, daga Magariya ya nufi gabas zuwa Dungas, abin da zai fara cika masa ido shi ne gawo. Gona bayan gona, itace bayan itace, manya da matasa, har ido ya gaji. Baƙo zai ɗauka daji ne Allah ya bari. A'a, aikin manoma ne.

Tarihin baka na Damagaram ya ce Sarki Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ya sa hukunci mai tsanani a kan duk wanda ya sare gawo. Sarakunan da sun san darajarsa: shi ne itacen da ke kaɗe ganyensa da damina, lokacin da gero ke son rana, ya kuma yi kore shar da rani, lokacin da bisashe ke neman inuwa da abinci. Ganyensa taki ne, ƴaƴansa kuwa har a kasuwa ake auna su saboda masu kiwo. Amma zamanin gyaɗa ya zo, zamanin Sonara da garmar shanu, aka koya wa manomi cewa gonar kirki ita ce wadda aka share ƙal. Dokar gandun daji kuma ta mai da itace na gwamnati, ko da cikin gonarka ya tsiro. Wa zai yi renon ɗan da ba nasa ba? Sai farin 1973 da na 1984 suka tarar da ƙasa tsirara, iska na kwashe shuka tun tana ƙarama.

Daga tsakiyar shekarun 1980 manoma suka sake dabara. Wajen sassabe, maimakon a tumɓuke kowane toho, sai a zaɓi mai ƙarfi a gyara shi, a sassake na gefe, a bar shi ya miƙe. Shi ne ake kira sassaben zamani. A jihar Maradi an san sunan Tony Rinaudo, mutumin Ostiraliya da ya yi ta yaɗa wannan aiki tun 1983. A Magariya da Matamaye da Mirya kuwa, binciken da Larwanu Mahaman da Chris Reij da abokin aikinsu suka fitar a 2006 ya nuna manoma sun rayar da itace a kan fili wajen hekta miliyan ɗaya, galibi da ƙoƙarin kansu. A ƙasa baki ɗaya ana ƙiyasta hekta miliyan 5 da itace miliyan 200. Kowace ranar 3 ga Agusta tun 1975 manya na dasa itace gaban masu ɗaukar hoto. Amma dajin da ya fi girma a Nijar, talaka ne ya rene shi da ƴar wuƙa da gatari. Daga baya doka ta biyo sawun manomi: dokar gandun daji ta 2004, sannan dokar watan Yuli na 2020 da ta amince cewa wanda ya rene itace cikin gonarsa yana da haƙƙi a kansa.

Kada mu yi ƙarin gishiri. Gawo ba ya tare ruwan sama, kuma ruwa irin na 2024 ya fi ƙarfin kowane itace. Amma gonar da ke da itace tana riƙe rairayinta, ruwa na samun lokacin nutsewa maimakon ya yage ƙasa ya bar zaizaya, ya kwashi yashi ya je ya binne lambun da ke ƙasa. Bayan ɓarna kuma, mai itace yana da abin kamawa: reshen gyara rufi da danga, itacen girki na sayarwa, ƴaƴan gawo na tumaki. Wanda rumbunsa ya faɗi amma itacensa na tsaye, bai koma farko ba.

Hannun magini

Wannan ƙasa tsohuwa ce. Dungas da Waca da Mirya su ne garuruwan Sosebaki, masu sarauta tun kafin Damagaram ta yi ƙarfi. Yekuwa ta karɓi sarautar Haɓe ta Daura bayan jihadi, kuma daga wannan gida aka kafa Magariya. Garuruwan da suka yi irin wannan shekaru da ginin ƙasa, ba su kai yau don ruwa bai taɓa sauka ba. Sun kai ne don akwai ilimi.

Maginin gargajiya ya san ramin da ake ɗebo ƙasar gini mai danƙo. Ya san a cuɗa ta da ciyawa a bar ta ta ruɓa kafin a mulmula tubali. Ya san bango ya yi kauri daga ƙasa ya tafi yana sirancewa, a ɗaga dokin ƙofa, a cika gindin gida ya fi hanya tudu. Ya san azarar giginya da gara ba ta so, ya san makuba ta ɓawon ɗorawa da ke sa yaɓe ya ƙi shan ruwa, ya san tsawon indararo da zai jefa ruwa nesa da gindin bango. A kan wannan ƙarfi ne ake ɗora ado: zankwaye a kan soro, dagi da sauran zane a goshin zaure. Adon nan ba wasa ba ne. Gidan da ake sabunta wa zane, gida ne da ake duba lafiyarsa. Mai yaɓe shi ne likitan bango, shi ke ganin tsaga tun tana kamar zare. Mutanen Jenne ta ƙasar Mali sun gane haka, shi ya sa kowace shekara gari duka ke fita yaɓen babban masallacinsu, ana kiɗa ana tsere da kwanduna.

Mu kuwa mun tsaya tsakiyar gulbi. Mun saki ilimin da, ba mu kama na zamani da kyau ba. Ana buga bulo na ƙasa da gaggawa, bango siriri ba harsashi, a shafa masa siminti a fuska don ya yi kama da gidan birni. Siminti bisa ƙasa ba ya kama ta. Ruwa ya shiga ta tsaga, ya ɓuya a baya, bango ya ruɓe daga ciki alhali fuskarsa na sheƙi. Gidaje da yawa da muka gani kwance irin wannan gini ne. A watan Oktoba na 2024 gwamnati ta rage kuɗin siminti don masu sake gini su samu sauƙi, kuma abin a yaba ne. Amma talakan Guci ko Malawa, ko an rage, da ƙasa zai sake gini. Tambaya ita ce: da wace ƙasa, a wane wuri, da hannun wa?

Gayya da asusu

Kafin motar agaji ta iso ƙauye, maƙwabci ya riga ya iso. Wanda ɗakinsa ya tsaya ya karɓi iyalin wanda nasa ya faɗi. Da kaka ta yi, aka shiga gayya: samari na kwaɓa ƙasa, yara na jigilar ruwa da amalanke, mata na dama fura, makaɗi na gefe yana zuga kowa da kirarin gidansu. Gobe a koma gidan wani. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma a nan maganar ba karin magana kaɗai ba ce, aikin yini ne.

Mata na da nasu rumbun tsimi. Ƙungiyoyin asusu irin na Mata Masu Dubara, da suka faro a jihar Maradi a 1991 suka bazu ko'ina cikin ƙasa, su kan ba mace ɗan jarin da za ta sayi kaba ta saƙa tabarma da faifai, ko ta auni gyaɗa ta yi mai da ƙuliƙuli. Da wannan ake sake sayen tukunya da akuya. Ƴan ci-rani na Kano da Legas su aiko da abin da ya samu. Wani ya kora ragonsa kasuwar Maigatari ran Alhamis ya dawo da kwanon rufi. Duk wannan ba ya shiga rahoton ofis, amma shi ne ya tada gari.

Sai dai a lura: kaba daga goruba take, azara daga giginya, makuba daga ɗorawa. In itacen ya ƙare, sana'ar ta ƙare. In sana'ar ta ƙare, gidan ya faɗi. Manomi da magini da masaƙiya igiya ɗaya ce ta ɗaure su.

Gare ku, masu karatu

Ya kai ma'aikaci, kai ne ke riƙe da alƙalamin yankan filaye. Kafin ka sa hannu a ba da fegi, tambayi tsofaffin unguwa inda ruwa ya tsaya a 2024, a kafa alama ta dindindin a wurin, ƙasa da alamar nan kada a ba kowa izinin gini, ko ɗan wane ne. In za a sake gina aji ko ɗakin shan magani, a kira sarkin magina ya zauna tare da injiniya, a ɗauki samari su koya ana biyansu. Kai kuma ma'aikacin gandun daji, manomin da ke gyara itacensa abokin aikinka ne, ba abin tara ba.

Ya kai ɗan kasuwa, alhaji mai motoci, ribarka tana cikin raken Bande da riɗi da waken Dungas. In yashi ya binne lambu, motarka za ta dawo wayam. Kada ka sayi ɗanyen gawo da aka sare da dare, kada ka ɓoye siminti da kwano ranar da mutane ke kwana a fili. In kuma Allah ya hore maka za ka gina zaure a garinku, ba magini na gida aikin, ya ɗora zanko ya yi zane, yara su ga cewa sana'ar ubanninsu tana ci da mutum.

Masana yanayi na faɗakarwa cewa a Sahel ruwa mai ƙarfi na lokaci ɗaya yana ƙara yawaita. Wata damina irin waccan za ta dawo, ba mu san shekarar ba. Mutanen Magariya da Dungas sun riga sun nuna wa duniya cewa abin da talaka ya tabbata nasa ne, yakan rene shi har ya zama daji. Saura a yarda da shi haka a kan gidansa, da tafkinsa, da sana'ar hannunsa. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya kiyashe mu sharrin ruwa. Amin.