Takardar Haihuwa Ta Kā Da Zakaru

Ranar da zan je kotu rantsuwar shekaruna, abin da mahaifiyata ta iya tunawa shi ne da kaka aka haife ni, ana yankan gero. Muka ƙaga rana, aka buga hatimi. Ban ɗauki abin a bakin komai ba, sai da labarin yaran Uganda ya iske ni.

Tun 1947 ake gasar besbol ta yara, wato ƙwallon kulki, a Williamsport ta Amurka, ba kuwa mai zuwa sai zakaran yankinsa. A 2011 yaran Kampala suka tafi Kutno ta ƙasar Polan, suka cinye ƙungiyar Saudiyya, suka zama zakarun Afirka da Gabas ta Tsakiya. Amma aka hana su biza, domin shekarunsu sun saɓa a takardu. Waɗanda aka cinye ɗin su suka tafi. Sai a 2012 yaran Lugazi, can Uganda, suka zama ƙungiyar Afirka ta farko da ta taka filin.

Jama'a, laifin na manya ne. Da Allah Ya ba ni 'ya, tun kafin ranar suna na karɓo mata takarda.