Kowace Mujiya Da Irin Fuskarta

A cikin tsuntsaye duka, da wuya a sami wanda ɗan Adam ya ƙi jininsa kamar mujiya. Idan ta yi kuka a kan soro sai a ce wani zai mutu a gidan. Idan ta kuskura ta fito da rana, sauran tsuntsaye su taru a kanta da ihu da tsattsaga. Har ma in jama'a ta juya wa mutum baya, akan ce an mai da shi mujiya. Abin mamaki kuwa shi ne, duk da wannan ƙiyayya, mutane kaɗan ne suka taɓa tsayawa suka dube ta da kyau. Ka tambayi mutum kamanninta, zai ce maka tana da manyan idanu, daga nan kuma bayaninsa ya ƙare. A wurinsa mujiya guda ce tak a duniya, ita ce ta yi kuka a ƙauyensu yana yaro, ita ce kuma ta yi kuka daren jiya a birni.

To, akwai wani dattijo a wani gari na ƙasar Bauchi wanda bai yarda da haka ba, kuma yana da hujjarsa a hannu. Mutanen garin Mai Hoto suke ce masa, domin ya fi shekara talatin yana da shago a bakin tasha inda yake ɗaukar hoton fasfo. Maniyyata aikin hajji, da 'yan makaranta masu shiga jarrabawa, da samari masu neman aikin soja, duk sun zauna a kan kujerarsa, ya ce musu su ɗaga haɓa, su daina ƙifta ido. Wannan sana'a ta koya masa abu guda, watau babu fuska biyu da suke daidai. Ko tagwaye aka kawo masa, kafin ya wanke hoton ya riga ya san wane ne Hassan wane ne Husaini. Da wayar hannu mai kyamara ta cika gari, ciniki ya ja baya, sai ya rufe shago. Babban ɗansa ya sayo masa kyamara mai dogon gilashi, irin mai jawo nesa kusa, don ya riƙa rage zaman banza.

Wata rana da la'asar sakaliya yana zagayawa bayan gari, sai ya hangi wata farar fuska a cikin wata kafa a saman tsohon siton auduga wanda aka daɗe da barinsa. Ya ɗauka, ya koma gida. Ya riƙa komawa har mako uku, kullum yana tsammani tsuntsuwa guda yake ɗauka. Ran da ya jera hotunan gefe da gefe, kamar yadda ya saba jera na fasfo kafin ya yanka, nan take idonsa na sana'a ya gaya masa su biyu ne. Ɗaya ƙirjinta fari fat kamar alawayyo, da 'yan ɗige-ɗige waɗanda za a iya ƙirgawa da yatsu. Ɗayar kuwa ƙirjinta ruwan soyayyar gyaɗa, ɗige-ɗigen manya, sun cika shi har zuwa cinya. Zanen da ya kewaye fuskar ta biyun ma ya fi duhu da kauri. Sai ya sayi littafin rubutu mai layi, ya buɗe wa kowace shafinta, yana rubuta rana da wuri da alamun da ya gani.

Abin da idon Mai Hoto ya kama, masana sun daɗe suna bincikensa. Wannan mujiya mai farar fuska da ke zama a sito da silin na makarantu da kogon itace tana cikin tsuntsayen da suka fi yaɗuwa a duniya. Wani masani na Jami'ar Lozan a ƙasar Suwizalan, Alexandre Roulin, ya shafe shekaru masu yawa yana auna launin ƙirjinsu yana ƙirga ɗige-ɗigensu. Galibi macen ta fi namijin duhu da yawan ɗigo, ko da yake akan sami mace fara, a kuma sami namiji mai ɗigo. Launin gado ne daga iyaye, kuma yana da amfaninsa. A 2019 shi da abokan aikinsa suka nuna cewa a daren farin wata, farar mujiya ta fi ja sa'ar farauta, domin hasken da ke tashi daga gashinta yana sa ɓeran gona ya daskare wuri guda har ta iso kansa. A ƙasar Finlan kuma akwai wata irin mujiyar daji wadda ake samunta kala biyu, toka-toka da ƙasa-ƙasa. A 2011 masu bincike suka bayyana cewa da sanyin hunturu ya riƙa raguwa, ƙanƙara ta daina rufe ƙasa kamar da, masu launin ƙasa sun ƙaru a cikinsu, alhali kuwa a da su ne suka fi mutuwa in hunturu ya yi tsanani. Ashe launin tsuntsu ma yana iya ba da labarin sauyin yanayi.

Da idonsa ya buɗe, Mai Hoto ya ga kuma ashe ba iri guda ne ke kewaye da garin ba. A cikin duwatsu ya sami babbar nan mai tukkaye biyu kamar kunnuwa, wadda wasu ke kira duji, idanunta baƙaƙe da jan zagaye a fatarsu. 'Yar'uwarta ta kudancin Afirka idanunta rawaya ne, kuma an daɗe ana ɗaukarsu iri guda kafin a raba su. A kan wata gawo ya sami wata matsakaiciya mai farar fuska da baƙin zane a gefe da gefe, idanunta kamar lemo. Wannan in ta ga abin tsoro sai ta matse jikinta ta miƙe siririya, ta lumshe ido, har ka rantse busasshen reshe ne. Akwai kuma wata 'yar ƙarama wadda ba ta wuce kurciya ba, tana fitowa ko da rana, tana da baƙaƙen tabo biyu a ƙeya masu kama da idanu, har ya taɓa ɗaukarta sau biyar kafin ta juyo ya ga ainihin fuskarta. A kowane iri kuma, kowace tsuntsuwa da nata alamun. Wata tukkunta na hagu ya fi gajarta, wata girarta ta fi haske, wata tana da gashin fiffike guda da ya karye, sai ta sake gashi alamar ta ɓace. Saboda haka ya koyi dogara ga abin da ba ya saurin sauyawa, watau tsarin ɗigo da zanen fuska, ya bar abin da damina guda ke gogewa.

Ɗaukar hoton mujiya aikin mai haƙuri ne. Ba ya fara nemanta a sama, ƙasa yake dubawa. Inda ya ga farin kashi a gindin bango ko itace, da wasu dunƙule-dunƙule masu kama da gawayi, ya san tana nan. Dunƙulen nan aman mujiya ne, domin takan haɗiye abin da ta kama gaba ɗaya, sa'an nan ta amayar da gashi da ƙashi. Wani lokaci kuma ihun ƙananan tsuntsaye ne ke nuna masa wurin. In ya same ta sai ya kafa kyamararsa a kan ƙafa uku, daga nesa, ya zauna shiru tsakanin la'asar da magariba, ko da sassafe bayan asuba, sa'ad da akwai ɗan haske. Ba ya haska mata fitilar kyamara a kusa, ba ya kuma hawa ya leƙa sheƙa, don kada uwa ta gudu ta bar ƙwai. Wuyar aikin ita ce ba ta barin a zo mata ba zato. Idanunta a kafe suke, ba sa juyawa, amma wuyanta yana da ƙashi 14, na mutum kuwa 7 ne, don haka tana iya juya kai har digiri 270, watau kashi uku cikin huɗu na zagaye. Ga kuma ji. Kunnenta ɗaya ya fi ɗaya tudu, faffaɗar fuskar nan kuma tana tattaro sauti kamar faranti. Wani masani Ba'amurke, Roger Payne, ya wallafa a 1971 cewa mujiyar sito tana iya kama ɓera a ɗaki mai duhu ƙirin, da ji kawai.

A shekara ta uku da fara wannan aiki, zazzaɓi ya kwantar da wani yaro a unguwar da ke kusa da siton, aka kuma ji mujiya ta yi kuka dare biyu a jere. Nan da nan magana ta bazu cewa turo ta aka yi. Wasu ma suka ce ai ga wanda ke zuwa wurinta kullum da yamma, me yake nema? Matarsa ta ce masa, “Malam, ka bar wannan abu haka nan. Yau a gidan suna babu wadda ta amsa gaisuwata da sakin fuska.” Kafin ya yanke shawara, samari suka je da danƙo da magariba suka harbo guda. Da safe ya tarar da ita a ƙasa, ya juya ta, ya ga farin ƙirjin nan mai 'yan ɗige-ɗige. Namijin ne. Ya san kuma macen tana ciki da 'ya'ya, domin ya ji hucinsu, namijin kuwa shi ke kawo yawancin abinci a wannan lokaci. Aka ce da dare za a koma a sa wa siton hayaƙi.

Sai ya ɗauki littafinsa da hotuna da wani ƙunshi a takarda, ya tafi zauren mai unguwa. Bayan gaisuwa ya ce, “Ranka ya daɗe, an ce an turo mujiya makon jiya. Ga hoton wadda aka kashe, ga ranar da na fara ɗaukarta, shekara uku ke nan. Ga matarsa, dubi ƙirjinta. Tun sa'an nan suna cikin siton nan, suna kuka kowane dare. A unguwar nan an yi aure, an yi suna, an yi haihuwa lafiya, duk suna nan.” Mai unguwa ya sa tabarau ya daɗe yana duban hotunan, sa'an nan ya ce, “Lalle wannan daban, wannan daban.” Mai Hoto ya kwance ƙunshin, ya farfasa dunƙulen aman a gaban jama'a. Ga ƙoƙon kan ɓera, ga haƙora, ga muƙamuƙi, a kusan kowane guda. Liman yana wurin, ya tunatar da mutane cewa addini ya hana camfi da kukan tsuntsu, ajali kuma yana hannun Allah. Mai unguwa ya hana sa hayaƙi, ya kuma sa aka kai yaron asibiti, aka ce zazzaɓin cizon sauro ne, ya sha magani ya warke.

Abin da aka gani a zauren nan ba ƙaramin abu ba ne ga manomi. Ɓera shi ne babban abincin mujiyar sito, ɓera kuwa shi ne ɓarawon rumbu. Wani irin ɓeran gida da gona, mai yawan nonuwa, shi ke ɗauke da ƙwayar zazzaɓin Lassa, cutar da aka fara ganewa a 1969 a garin Lassa na jihar Borno ta yau, irinsa kuma yana cikin abin da mujiya ke ci. A ƙasar Maleshiya, masu gonakin kwakwar manja akwatuna suke kafa wa mujiya don ta zauna ta rage musu ɓeraye, su rage sayen guba. A nan kuwa ana jifanta, ana kuma kai busasshen kanta kasuwa wurin masu kayan tsibbu. Shi kansa Mai Hoto, wani ɗan kasuwa ya zo har gida ya yi masa tayin kuɗi a kan ya nuna masa inda dujin duwatsu yake kwana. Ya ba shi ruwa, ya raka shi bakin ƙofa. Tun daga ranar ba ya gaya wa kowa wurin da ya ɗauki hoto, ko a littafinsa ma da alamar da shi kaɗai ya sani yake rubutawa.

Macen ta yi ta fama ita kaɗai. Mujiya takan yi ƙwai ɗaya bayan kwana biyu ko uku, ta fara kwanci tun daga na farko, don haka 'ya'yan ba sa zama sa'a guda, kamar matakala suke, babba ya girmi auta da kwanaki. In abinci ya yi ƙaranci, ƙananan ne ke tafiya. Cikin huɗun da ya taɓa hangowa a bakin kafar, biyu ne suka tashi, ɗaya ya ɗauko farin uban, ɗaya ya ɗauko ɗigon uwar. Da kaka ta kewayo sai ga wani namiji a siton, ƙirjinsa fari amma da ɗan ja-ja a wuya. Ga mai wucewa, mujiyar nan ce dai ta kullum. Mai Hoto kuwa ya buɗe sabon shafi.

Yau kusan kowa yana da kyamara a aljihu, kuma akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta A. P. Leventis a dajin Amurum kusa da Jos, ƙarƙashin Jami'ar Jos, inda ake horar da 'yan ƙasa su san tsuntsayensu su kuma ƙirga su. Wanda ke da mujiya a silin ɗin makarantarsu ko a tsamiyar bayan gidansu, ya tsaya daga nesa ya ɗauke ta, ya rubuta ranar, ya koma bayan mako guda ya sake. Ya dubi ƙirji, ya dubi zanen fuska, ya ga ko ita ce ko wata. Har yanzu akwai waɗanda ke sauya hanya in sun hango Mai Hoto da ƙafa ukunsa a kafaɗa, amma yara biyu daga unguwar siton suna binsa yanzu, ɗaya yana riƙe masa littafi. Cikinsu akwai wanda ya harba danƙon.